Dokin Ado Ko Dokin Tafiya: Wanne Za Ku Bari A Turke?



Tsadar harawa da dusa ta sa wasu gidajenmu masu dawaki biyu ko uku sun fara shawarar rage su. Wannan ba abin kunya ba ne, domin harawar da ake ɗorowa daga Arewa kafin ta iso nan Kudu kuɗin mota ya riga ya hau kanta. Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda ake zaɓen. Da an zauna sai ka ji an ce a bar ƙaton ingarman nan mai sheƙi, mai rawa idan ya ji algaita, a sayar da siririn da ba ya ɗaukar ido. Kuma masu faɗin haka su ne samarinmu da ke cika baki cewa doguwar tafiya suke so su riƙa yi a kan doki. Wallahi wannan zaɓen tumun dare ne.

Doguwar tafiya a kan doki wasa ce mai ƙa'ida a duniya. Babban tserenta kilomita 160 ne a yini guda. Ana tsayar da dawaki zango-zango, likitan dabbobi ya duba su. Dokin da bugun zuciyarsa bai sauko zuwa 64 a minti ɗaya ba cikin lokacin da aka ɗiba, ba zai ci gaba ba. Wanda aka ga yana ɗingishi kuwa an cire shi, ko da shi ya fara isowa. Dawakin da suka fi cin wannan tsere, daga Dubai har Amurka, dawakin Larabawa ne, waɗanda ba su da wani girman jiki. Ke nan masu zuba miliyoyi a harkar ba ƙato suke nema ba, mai juriya suke nema.

Maimakon gardama a zaure, ku gwada. Ku fitar da dawakin da asuba, mahayi ɗaya, hanya ɗaya, kamar kilomita 10 ana sassarfa. Kafin fita ku ɗora yatsu a jijiyar ƙarƙashin muƙamuƙi ku ƙirga bugun zuciya. Lafiyayyen doki a huce yana tsakanin 28 zuwa 44 a minti. Bayan an dawo, a jira minti 10 a sake ƙirgawa. Wanda nasa ya fi saurin sauka shi ne dokin tafiya. Sannan ku ja kowanne da sassarfa a kan ƙasa mai tauri: idan kansa yana sama yana ƙasa, akwai ciwo a ƙafa. Ku duba kofato, ku duba gadon baya ko sirdi yana yi masa miki. Ku lura da wanda yake shan ruwa a hanya ba tare da yanga ba, domin dokin da ba ya sha ba ya nisa.

Kada ku manta inda muke zaune. Nan ba Katsina ba ce. Iskar Kudu cike take da danshi, gumi ba ya bushewa da wuri, kuma doki mai nauyin jiki shi zafi ya fi galabaitarwa. Ga tsando mai kawo sammore, ga kaska. Dokin da ya ci damina uku ko huɗu a nan bai kwanta ba, bai rame ba, ya nuna muku darajarsa, ko da kuwa ba ya burge 'yan kallo.

Na san abin da za a ce: "Ai dokin Baba ne, shi ake hawa da Sallah." To, hawan Sallah sau biyu ne a shekara, ciyarwa kuwa kullum ce. Wanda ado yake so ya fito fili ya ce ado yake so, ya riƙe ingarmansa, babu mai zarginsa. Amma ka riƙe dokin ado ka kuma tilasta masa tafiyar yini, wannan zalunci ne, kuma Allah zai tambaye ka haƙƙin dabbar. Ban da haka, mai kyan shi ne mai kasuwa. Masu hawan Ojude Oba a Ijebu Ode da masu hawan daba a Ilorin irinsa suke nema, kuɗinsa kuma ya fi kauri.

Wannan ya kawo mu ga abin da ba a son ji. Idan dawakin na gado ne, ba na maza kaɗai ba ne. A yi musu kuɗi a gaban shaidu, matan marigayi da 'ya'yansa mata kowace ta sami rabonta. Wanda zai riƙe dokin da aka bari a lissafa shi cikin kasonsa. Hawa da ka iya bai ba ka haƙƙin 'yar uwarka ba.

A ƙarshe, ku san wanda za ku miƙa wa ragama. Dabbar da ta yi wa gidanku hidima ba ta cancanci ta ƙare a hannun mai haya a bakin teku ba, ana hawanta tun safe har dare ba inuwa ba ruwa. Ku je ku ga turken mai sayen da idonku kafin ku karɓi ko sisi.

Allah Ya sa mu gane, Ya kuma ba mu ikon sauke amana.

Sakataren Ƙungiya