Sauya Wa Sensar Iska Wuri: Anya Shi Ne Maganin Zafin Babur?

Tun da na rabu da ƙaramin mashin ɗina na sayi babba, wato irin na tsere mai silinda huɗu da samari ke kira fawa-baik, ban cika tsayawa a majalisarmu ta Agege ba tare da an yi mini maganar zafin inji ba. Duk wanda ya taɓa hawa irin wannan babur ya faɗa gosulon Oshodi da tsakar rana ya san abin da nake nufi: lambar zafi tana hawa a gabanka, fanka tana kuka, cinyoyinka kuwa kamar kana zaune a gefen tukubar mai tsire. To a 'yan kwanakin nan sai ga wata dabara ta shigo, bakanikai biyu sun kawo mini ita, wani ƙanena ma da ya sayi nasa babur ya kira ni yana neman shawara a kai. Dabarar ita ce a ciro sensar da ke auna ɗumin iskar da inji ke zuƙa, a ƙara mata waya, a kai ta can gaban babur inda iska ke kaɗawa. Wai da zarar an yi haka, zafi ya kau. Ni na yi wannan aiki a nawa babur, don haka ina ganin ina da bakin magana.

Kafin mu yi nisa, mai mashin ɗin kafireto wanda iska ke sanyaya injinsa, wannan zance bai shafe ka ba, domin ba ka da wannan sensa. Da masu injekta da lagireto nake.

Bari mu fara da abin da sensar take yi. 'Yar aba ce da ba ta kai ɗan yatsa ba, mai waya biyu, galibi a jikin akwatin iyakilina take, a ƙarƙashin tankin mai. A cikinta akwai wani ɗan ƙwayar abu da turjiyarsa ga wutar lantarki ke raguwa idan ya ɗau zafi. A yawancinsu za ka samu wajen om dubu biyu zuwa uku idan yanayi na digiri 20, amma idan ya kai digiri 80 sai ya sauko zuwa 'yan ɗaruruwa. Da wannan ne ƙwaƙwalwar babur, wadda bakanikai ke kira biren-bos, take gane ɗumin iska. Me ya sa take son sani? Domin iska mai zafi sakayau take, iskar da wuta ke buƙata ba ta da yawa a cikinta, saboda haka sai ƙwaƙwalwar ta rage man da take fesawa don lissafi ya daidaita. Idan iskar mai sanyi ce, sai ta ƙara.

Hujjar masu dabarar ba ta banza ba ce, dole in faɗi gaskiya. Akwatin iyakilina a saman inji yake zaune. Idan ka tsaya a gosulo, zafin inji ya kan taso ya gasa akwatin har da sensar, sai ta riƙa gaya wa ƙwaƙwalwa cewa iska ta kai digiri 60 alhali a waje 33 ne. Ko bayan hanya ta buɗe, iska mai ɗan sanyi ta fara shiga, robar da sensar ke jiki ta kan ɗau lokaci kafin ta huce. A tsakanin nan mai ya yi ƙaranci, babur ya riƙa fizga idan ka ɗan murɗa totur, wani ma ya yi gardamar tashi idan ka kashe shi na minti biyar don shan mai. Kuma gaskiya ne cewa inji mai ƙarancin mai ya fi ɗaukar zafi, ƙarin mai kuma ya kan ɗan sanyaya cikin silinda. Dabarar ma ba a Ladipo aka ƙirƙiro ta ba. Masu manyan babura a Turai da Amurka sun daɗe suna yi, musamman masu irin su Honda RC51, babur ɗin da aka fara fitarwa a 2000, wanda Colin Edwards ya ci gasar Superbike ta duniya da shi a 2000 da 2002. Shi lagiretonsa biyu ne kuma a gefe suke, an ƙera shi ne don filin tsere inda iska ke dukansa da ƙarfi, ba don bin bayan danfo ana tafiyar hawainiya ba.

Inda na rabu da su shi ne wajen kalmar "magani". Mai karatu, mu ɗan yi lissafi. A ce sensar tana karanta digiri 60, ka mayar da ita inda take karanta 35. Bambancin nauyin iska tsakanin waɗannan biyun bai wuce kashi 8 cikin 100 ba. Wato iyakar man da ƙwaƙwalwa za ta ƙara ke nan, idan ma ta bi lissafin gaba ɗaya. To nawa ne man da inji ke sha yana tsaye a silo? Ɗan kaɗan ne. Kashi 8 cikin 100 na ɗan kaɗan ba zai kashe wutar da ke cikin injin 600cc ba. Sannan idan babur ɗinka na da sensar hayaƙi a jikin salansa, kamar yadda yawancin na baya-bayan nan suke da ita, to a silo da tafiyar ƙa'ida ita ce ke da magana ta ƙarshe: za ta ga mai ya yi yawa, ƙwaƙwalwa ta mayar da haɗin zuwa kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na fetur, kamar ba ka yi komai ba.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Lambar da kake gani tana hawa a gabanka, ba daga wannan sensa take fitowa ba. Wata ce daban da ke nutse cikin ruwan inji take ba da ita, kuma da ita ake sanin lokacin kunna fanka, wanda a yawancin irin waɗannan babura ya kan kasance idan ruwa ya ɗan haura digiri 100. Ita sensar iska ba ta taɓa ruwa ba, ba ta juya fanka ba, ba ta ƙara wa lagireto faɗi ba. Kamar mutum ne zazzaɓi na cin sa, sai ka ɗauke ma'aunin zafin ɗaki ka rataye a gindin bishiya.

Ga abin da ya faru da ni. Na sayi babur ɗin na hannu ne, tokumbo, wanda ya ɗan yi aiki a nan kafin ya zo hannuna. Da zafi ya dame ni sai na yarda aka mayar da sensar cikin bututun da ke kawo iska daga gaba. Wallahi ba zan ɓoye ba, fizgar nan ta ragu, kuma tashi bayan ɗan tsayawa ya yi sauƙi, har na fara yabon bakanike a majalisa. Sati bai cika ba na faɗa gosulo a hanyar Ikorodu wajen Ojota, na ga lamba tana wuce inda ta saba tsayawa, na ji warin ruwa mai tafasa, dole na gangara gefe na kashe. Ina tsaye ina kallon kuɗina na tururi, 'yan kwandastan danfo na yi mini dariya. Washegari na sa aka kwance robobin gefe gaba ɗaya a gabana. Abin da muka gani: rabin haƙarƙarin lagireto ya toshe da busasshen taɓon damina, wasu sun lanƙwashe saboda wankin injin feshi, ruwan ciki ja-ja-ja da tsatsa, alamar tsohon mai shi ruwan rijiya ko fiya-wata yake ɗurawa, robar murfin lagireto ta tsage. Wannan murfi da muke rainawa shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Idan ya saki, a digiri 100 ruwa zai fara tafasa kamar na shayi, wato daidai lokacin da fanka ke shirin tashi. Aka wanke, aka miƙe haƙarƙari da ɗan siririn ƙarfe, aka sa sabon murfi da ruwan sanyaya inji na ainihi. Daga ranar ne lamba ta koma tana hawa, fanka ta tashi, ta sauko, kamar yadda aka tsara.

Da a ce na dogara da sensa na ci gaba da hawa, gasket ɗin top-silinda ne zai ƙone, kuma wanda ya san kuɗin buɗe injin silinda huɗu a garin nan ya san ba ƙaramar magana ba ce. Mu da muke zaune a nan, kowane kwabo akwai mai jiransa a gida. Abin da ke ba ni tsoro da wannan dabara ke nan: tana da araha, tana kuma sa babur ya ɗan yi laushi, sai mutum ya ɗauka ya warke ya daina duba ainihin ciwon.

Wata ɗabi'ar bakanikanmu da nake roƙo a guje mata ita ce cire tamostat a jefar, wai ƙasarmu akwai zafi ba a buƙatarsa. Idan ya maƙale, a sauya shi. Idan an cire, inji ya kan daɗe bai kai ɗuminsa ba da safe, ƙwaƙwalwa ta yi ta ƙara mai tana zaton har yanzu sanyi ne, kuma a gosulo babu abin da cirewar ke ƙara maka, tunda a lokacin dama a buɗe yake. Haka masu liƙa wata 'yar turjiya a kan wayar sensa don ta riƙa karanta sanyi kullum. Wannan ƙarya ce kai tsaye ake shirga wa ƙwaƙwalwa, kuma tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, ban ga dalilin da zai sa mutum ya koya wa babur ɗinsa shan fetur ba gaira ba dalili ba, ga fulogi na yin baƙi.

To shin a yi ko kada a yi? Ra'ayina shi ne, wanda ya tabbatar lagiretonsa tsaf yake, fankarsa na tashi a kan lokaci, murfi da tamostat lafiya, amma har yanzu babur na fizga bayan gosulo, yana iya sauya wa sensar wuri, da sanin cewa fizga yake gyarawa. Sai dai a sa ta a cikin hanyar iskar da injin ke zuƙa da gaske, ba a rataye ta a waje kamar laya ba. A nisanta ta daga bayan lagireto da ƙwan fitila, in ba haka ba an gudu ba a tsira ba. A kuma tuna da ruwan saman Legas: jiƙaƙƙiyar sensa sanyi take karantawa fiye da gaskiya, kuma ruwa a soket tsatsa yake kawowa. Wajen ƙarin waya, a yi ɗori da dalma a rufe da robar da ke tsukewa da wuta, ban da murɗa waya a naɗe da salatif, domin ɗorin da ya yi tsatsa turjiya yake ƙarawa, ƙwaƙwalwa kuma ta fassara shi da sanyi. Idan wayar ta tsinke ɗungurungum, fitilar gargaɗi za ta kama, ƙwaƙwalwa ta koma aiki da wata lamba ta wucin gadi da aka ajiye mata.

Tawa sensar tana nan a bututun gaba, ban mayar da ita ba, domin laushin da ta kawo ina jin daɗinsa. Ƙanena kuwa na ce masa kada kowa ya taɓa masa waya tukuna. Ranar Asabar zai kawo babur ɗin mu kwance robobi, mu haska tocila ta bayan lagireto mu ga ko haske na wucewa.