Faifan da ya ƙi mutuwa

Jama'a, tun 2024 Spotify suka kafa doka: duk waƙar da ba a saurare ta sau 1,000 cikin wata 12 ba, ko sisi mai ita ba zai gani ba. Dama can kuma sai ka kai daƙiƙa 30 kana sauraro kafin a lissafa. Shi ya sa yanzu mawaƙa ke rige-rigen jefo amshi tun mai sauraro bai gyara zama ba. Ni kuwa duk sanda aka tayar da zancen nan, faifai ɗaya ke faɗo min a rai: Spiderland, na wasu samari 4 'yan Louisville ta jihar Kentucky a Amurka, da ake kira Slint.

A Agustan 1990 suka shiga situdiyo a Chicago, cikin 'yan kwanaki suka naɗi waƙoƙi 6, wajen minti 40. Kafin ƙaramin kamfanin Touch and Go ya fitar da shi a Maris 1991, ƙungiyar ma ta watse. Babu yawon wasa, babu talla. Bangon faifan hoto ne baƙi da fari, kawunansu kaɗai a saman ruwa, ko sunansu ba a rubuta ba.

Kiɗan fa sai mai haƙuri. Brian McMahan yawanci magana yake ƙasa-ƙasa kamar mai ba da labari da tsakar dare, jita biyu na ta kewaya wuri ɗaya, ganga na tafiyar hawainiya. Sai ka saki jiki, sannan ƙara ta rufto maka. Waƙar ƙarshe, "Good Morning, Captain", ta haura minti 7, kuma ihun da ke tayar da tsigar jiki sai can dab da ƙarewa yake zuwa. Wanda ya tsallake a daƙiƙa 30, wallahi bai ji komai ba.

Da farko ciniki bai taka kara ya karya ba. Steve Albini ya yabe shi a jaridar Melody Maker, daga nan ya riƙa yawo hannu zuwa hannu, har ƙungiyoyi irin su Mogwai suka taso a kan turbarsa. Yau ba a zancen salon post-rock a tsallake shi. A 2014 aka sake buga shi, shekara 23 bayan fitowarsa.

Na san Spotify za su ce suna yaƙar masu maguɗi ne, kuma 'yan canjin dama ba sa isa aljihun mawaƙi. To, na ji. Damuwata ita ce darasin da ake koya wa yaro mai basira: in ba ka fashe bana ba, aikinka banza ne. Wa zai yi kasadar yin waƙar minti 8 a haka?

Roƙona ɗaya ne. A makon nan ka zaɓi faifan wani da ba a sani ba, ka ji shi daga farko har ƙarshe ba tsallake. In ya yi maka, ka saya, ka kuma gaya wa wani. Ta haka Spiderland ya rayu.