Kiwon Lafiya: Yaya Jiki Ke Karɓar Ƙarfen Da Aka Sa Wa Ƙashi?

A zangunanmu, da zarar likita ya ce za a sa wa wanda ya karye ƙarfe, sai hankalin dangi ya tashi. Wasu su ce zai yi tsatsa a ciki, wasu su sulale da majiyyaci zuwa wurin mai ɗori. To, bari mu duba abin da ke faruwa a zahiri.

Jikinmu yana da dakaru, wato garkuwar jiki, masu farautar duk wani baƙo. Cikin 'yan daƙiƙu da sa ƙarfe, furotin na jini yakan lulluɓe shi, sannan fararen ƙwayoyin jini su yi ca a wurin. Su ne ke kawo kumburi da zafin kwanakin farko, kuma da wannan ne warkewa ke farawa. Bayansu sai wasu ƙwayoyi masu haɗiye datti, waɗanda likitoci ke kira makurofaj, su iso. Tun da ƙarfe ya fi ƙarfin haɗiya, ɗayan biyu ke faruwa: ko su lafa su bar sabon ƙashi ya rungumi baƙon, ko su ci gaba da faɗa har jiki ya naɗe shi da tantani, ya riƙa girgiɗi.

Irin ƙarfen yana da tasiri ƙwarai. A shekarar 1952 wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, ya sa ƙarfen titaniyam a ƙashin zomo don binciken gudanar jini. Da ya zo cirewa, sai ya tarar ƙashi ya manne masa gam. A 1965 ya fara dasa wa ɗan Adam haƙora da shi. Sirrin titaniyam shi ne wata siririyar fata da yakan yi da zarar ya sha iska, wadda ba ta cika tsokanar garkuwar jiki ba. Ƙarfe marar tsatsa da ake ɗaure karaya da shi ya fi arha, yana kuma aiki sosai, amma akwai nikel a cikinsa. Saboda haka duk wanda ɗan kunne ko agogon ƙarfe ke sa wa ƙaiƙayi, ya gaya wa likita kafin tiyata.

'Yan'uwanmu masu sikila, waɗanda akan sauya wa kan ƙashin ƙugu idan ya mutu, su lura da wannan. Shekaru na tafiya, gaɓar roba da ƙarfe tana zubar da ɓurɓushi. Makurofaj su haɗiye shi, su fusata, su tayar da ƙwayoyin da ke cinye ƙashi. Hoton ƙashi lokaci-lokaci ne ke tona wannan da wuri.

Babban abin tsoro dai shi ne ƙwayoyin cuta. Idan suka samu zama a jikin ƙarfe sukan rufe kansu da yauƙi, magani da dakarun jiki su kasa kai musu. Zazzaɓi, mugunya, ko ciwon da ya dawo bayan ya lafa, duk na komawa asibiti ne ba da ɓata lokaci ba. A bar shan taba, mai ciwon suga ya kula da sugansa, kada kuma a shafa wa ɗinki maganin gargajiya.