Ƙaddara Ba Ta Ɗauke Lamuni: Faɗowar Ma'aikata Daga Motar Ɗaga Kaya

A ɗakunan ajiya da masana'antu irin na Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano, motar ɗaga kaya da ake kira foklif ta sauƙaƙa aikin da a da yake karya bayan 'yan dako. Sai dai an mayar da ita tsani: lebura ya tsaya a kan ƙarafanta biyu, direba ya ɗaga shi sama don ya sauko da kaya. Babu keji, babu abin riƙewa. Girgiza kaɗan ta isa ta jefo shi kan siminti, ya karye a ƙugu ko a ƙashin baya. Haka kuma idan aka sha kwana alhali kaya na sama, motar kan kife, direban da bai ɗaura bel ba ya yi tsalle ta danne shi.

Idan hakan ta faru, sai mu ce ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara, amma ba ta ɗauke alhakin sakaci. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta diyya da kaffara ko a kisan kuskure. Malaman fiƙihu kuma sun ɗora lamuni a kan wanda ya haƙa rijiya a kan hanyar jama'a wani ya faɗa. Ina ga wanda ya sa yaronsa hawa ƙarfe tsirara don ya tsimin kuɗin keji?

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya a asusun NSITF, domin wanda ya ji rauni a bakin aiki.

Saboda haka, mai masana'anta ya horar da direba, ya tanadi keji. Direba ya ƙi ɗaga mutum ko da maigida ne ya ce. Limamanmu su sanya wannan a huɗuba, domin kare rai yana cikin manyan manufofin Shari'a. Allah Ya tsare mana masu neman halal.