RA'AYINMU: Hunturu Ya Kama, Direba Ya Sassauta Ƙafa

 Ya 'yan'uwa masu karatu, ga hunturu ya sake zagayowa. Daga watan Nuwamba har zuwa wajen Maris iskar arewa maso gabas za ta yi ta kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga ƙwarin Bodele da ke ƙasar Cadi, tana lulluɓe garuruwanmu da hazo. A wannan lokaci ne kuma hanyoyi suke cika, domin an gama girbi, kasuwanni sun buɗe, bukukuwan aure sun yawaita, ayarin motocin wa'azi kuma suna ta kai da kawowa. Saboda haka muka ga ya wajaba a wannan wata mu yi magana a kan gudun mota.

Abin da muke son mai karatu ya riƙe guda ɗaya ne. Lambar da aka rubuta a allon gefen titi iyaka ce ta ranar da gari ya yi garau, kwalta take a share, mota kuma take da lafiya. Gudun da ya halatta ga direba shi ne wanda zai iya tsayar da motarsa a cikin tazarar da idonsa yake gani, a kan irin hanyar da tayarsa take takawa a wannan sa'ar. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a manyan hanyoyi, 100 a tagwayen hanyoyi, motocin haya da tireloli kuwa nasu bai kai haka ba a tagwayen hanyoyi. To amma allo ba ya canzawa idan hazo ya sauko. Direba ne ya wajaba ya canza.

Bari mu yi lissafi, domin maganar ta fita daga zato. Motar da take gudun kilomita 100 a awa tana shafe kimanin mita 28 a kowace daƙiƙa. Idan direba ya hangi haɗari, kafin ƙafarsa ta bar totur ta kai ga burki aƙalla daƙiƙa ɗaya ta wuce, watau mita 28 sun tafi bai rage komai ba. Bayan ya taka burki a kan busasshiyar kwalta mai kyau, yana bukatar wajen mita 56 kafin motar ta tsaya. Jimla ta haura mita 80. Yanzu a ɗauka hazo ya rufe, ba a ganin abin da ya wuce mita 50, ga kuma tirela ta lalace a tsakiyar hanya babu fitila sai ganyen da aka zuba. Wannan direba zai daki tirelar alhali yana kan gudun da ya kusa kilomita 80. Da a ce 60 yake yi, da ya tsaya a ƙasa da mita 40, ya sauko yana salati, fasinjansa kowa da ransa. Dalili kuwa shi ne idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar burki sau huɗu take ninkawa.

Wannan lissafi na kwalta mai kyau ne, alhali hanyar hunturu ba haka take ba. Ramukan da damina ta haƙa suna nan ba a cike ba. Iska tana share yashi ta shimfiɗa shi a kan kwalta, musamman a hanyoyin da suka nufi Gashuwa da Gaidam da Illela da Damagaram, taya kuwa idan ta hau yashi ba ta kama ƙasa, burki sai ya koma sulɓi, sitiyari ya daina jin magana a kwana. Inda ake aikin hanya akan karkatar da motoci su koma hannu ɗaya ko su bi burji, tsakuwa tana mirgina a ƙarƙashin taya, ƙurar motar gaba tana makantar da ta baya. Manoma suna shanya amfanin gona a gefen titi, masu ƙonen daji suna turo hayaƙi, garken shanu suna tsallakawa kudu neman ciyawa da ruwa. A Ingila, inda sanyi yake daskarar da ruwa a kan titi, ƙa'idar tuƙinsu tana gargaɗin direba cewa tazarar tsayawa tana iya ninkawa har sau goma a kan ƙanƙara. Mu Allah bai jarrabe mu da ƙanƙara a hanya ba, amma darasin ɗaya ne: fuskar hanya ce take yanke gudu.

Idan haɗari ya auku, kalmar da take saurin fitowa daga bakinmu ita ce ƙaddara. Lalle babu abin da yake faruwa sai da ikon Allah, amma imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke wa mai sakaci alhakin sakacinsa ba. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora wa wanda ya kashe mumini bisa kuskure diyya da kaffara, kaffarar kuwa a yau ita ce azumin wata biyu a jere, kuma malamai da yawa suna ganin kowane rai da tasa kaffarar. Mai bas ɗin da ya ɗauko mutum goma sha takwas ya yi wannan lissafin kafin ya taka totur. Haka nan Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na ƙasar Burunai a 1993, ta zartar da cewa bin dokokin hanya waɗanda ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, kuma direba yana ɗaukar alhakin ɓarnar da ya jawo ta hanyar sakaci ko ƙetare iyaka. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 1.19 suke mutuwa a hanya kowace shekara. A cikinsu akwai magidantan da marayunsu suke zaune a unguwanninmu.

Laifin kuma bai tsaya ga direba shi kaɗai ba. Akwai mai motar da yake ɗora balas mai nauyi, har yaronsa ya ga ba zai cika ba sai ya yi sawu biyu a wuni. Akwai wanda yake cire na'urar ƙayyade gudu da aka fara tilasta wa motocin haya a 2017. Akwai fasinjan da yake zuga direba yana cewa wance mota ta wuce mu, da kuma wanda yake ganin ganganci ya yi shiru don kada a ce shi matsoraci ne. Mu kanmu ba mu kuɓuta ba. Sau nawa aka tashi daga wa'azi da tsakar dare, aka ɗauki hanya cikin hazo da direban da bai runtsa ba tun jiya, motoci suna rige-rige domin a riski asuba a gida? Tuta da lasifika a kan mota ba sa ƙara wa taya kama ƙasa.

Saboda haka muna kira ga direbobinmu da su rage gudu da zarar sun ga hazo ko yashi ko burji, tun kafin su shiga kwana. Su kunna gajeriyar fitila, domin doguwar fitila a cikin hazo komowa take yi idon mai ita. Su ninka tazarar da ke tsakaninsu da motar gaba, su bar wuce mota inda ba sa ganin mai zuwa, su goge gilashi, su duba taya da burki kafin su bar tasha. Idan gani ya gagara, a sauka daga kwalta gaba ɗaya a jira gari ya waye. Shugabannin rassa kuma su tanadi masauki ga mahalarta wa'azi, su naɗa wa kowane ayari jagora wanda ba a yarda wata mota ta wuce shi ba. Limamai su sanya wannan batu a huɗubobin Juma'a na wannan wata, fasinja kuma ya sani cewa tsawata wa direba mai ganganci yana cikin hani da mummuna.

Allah Ya kai matafiyanmu gida lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.