Ba Hunturu Kaɗai Ba Ne

'Yan uwana mata, ni dai na gaji da jin ana ɗora wa hunturu laifin tarin yaranmu. Ƙurar hunturu ta 'yan watanni ce, hayaƙin Kano kuwa ba ya hutu. An hana acaɓa a 2013, A Daidaita Sahu ta cika titi, ga bola ana ƙonawa har da leda.

Amma haba uwargida! Maigida ya ajiye janareta a bakin taga don gudun ɓarawo, ke kin yi shiru? Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, a barci take kashe mutum. Haka kaskon gawayin da kike rufe ɗaki da shi don jin ɗumi. Fitar da su fili, goyon ma ki sauke shi kafin ki hura wuta.