SHARHI: A-kori-kura Mai Lantarki Ko Mai Fetur?

Ya kamata duk ɗan kasuwar da ke niyyar sayen ƙaramar a-kori-kura ya dubi abin da ya faru a Amurka kafin ya fitar da kuɗinsa.

A watan Afrilu na 2025 ne kamfanin Slate ya gabatar da wata a-kori-kura mai aiki da lantarki, inda ya ce kuɗinta ba zai kai dala 20,000 ba. Ashe da rangwamen haraji na dala 7,500 aka yi wannan lissafi. Da aka kafa dokar soke rangwamen daga ƙarshen Satumba na shekarar, sai kamfanin ya janye alkawarinsa. 'Yan Nijeriya ma sun ga ƙarshen arahar da ta dogara da gwamnati, tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin fetur.

Saboda haka, hanya da kaya su ne alƙalai. A shekarar 2025 an ƙiyasta cewa ƙaramin batirin Slate zai yi tafiyar kilomita 240 a caji ɗaya, wato kusan tazarar Kano zuwa Kaduna, kuma nauyin kaya yana rage wannan zango. Mai rarraba burodi ko ruwan leda a cikin gari, wanda ke da wutar sola a ma'ajiyarsa, zai ci ribar mai lantarki. Amma ga mai bin kasuwannin ƙauye, inda samun wuta ke da wuya, har yanzu mai fetur ce rufin asirinsa.